Direba na biyu yana farke kuwa? Abin da katsewar intanet ta koya mana a Malanville

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi, ina zaune a rumfar yayana a kasuwar Malanville. Motar albasarsa ta kama hanyar Kwatano tun dare, mai saye kuma ya ce ba zai turo ko dala ba sai ya ga hoton buhuna. Yaya ya tura hoton ta WhatsApp, ya bi shi da saƙon murya, duka biyun suka tsaya cak da ɗan agogon nan a gefe. Rezo cike a fuskar waya, amma ba abin da ke fita. Ya kashe ya kunna, ya koma kan layinsa na biyu, duk kanwar ja ce. Sai ya juyo ya dube ni ya ce: "Kai ƙane, ba kai ka ce in riƙe layi biyu saboda rana irin wannan ba?" Na ce: "Ni ne, Yaya." Daga nan ban ƙara cewa komai ba, don ba ni da amsa.

Amsar ta zo daga baya. A wannan rana manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Bayanan farko sun danganta abin da motsin ƙasa a ƙasan teku. Ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma sun ji a jika, daga Laberiya da Gana har Najeriya, kuma gyaran ya ɗauki makonni. Mu a Benin biyu daga cikinsu ne suka sauka a Kwatano, SAT-3 da ke aiki tun 2002, da ACE da ta zo daga baya. A takarda muna da babbar hanya, muna da ta ko-ta-kwana. A cikin teku kuwa su biyun wuri guda suka ratsa, abin da ya ci ɗaya shi ya ci ɗayar. Wayar Equiano ta kamfanin Google, wadda ta sauka a Lome da Legas a 2022, ba ta cikin waɗanda suka tsinke, kuma ta ɗauki wani ɓangare na kayan da sauran suka zubar.

Ba a ranar aka fara ba. A ƙarshen Yulin 2009 SAT-3 ta samu matsala a ɓangaren da ya shigo Benin, Togo da Nijar suka shiga duhu, Najeriya ma ta rasa mafi yawan ƙarfin intanet ɗinta. Dalilin da ya sa Nijar ta shiga ciki muna ganinsa a ƙofar gidanmu: wayar gilashi da ta taso daga Kwatano tana bin babbar hanya sama da kilomita 700, ta Bohicon da Paraku da Kandi, ta iso Malanville, ta haye kogi zuwa Gaya, Doso, har Yamai.

Abin da nake so mu duba yau ya fi tsinkewar waya a teku kusa da mu. A manyan tashoshin wannan doguwar hanya akwai na'urori da ake kira rauta. Aikin rauta kamar na ɗan kamasho ne a tasha: duk saƙon da ya iso, ya duba inda za shi, ya ɗora shi a motar da ta dace. Manyan rauta na kamfanonin sadarwa suna da sassa iri biyu. Akwai allunan da wayoyi ke shiga, su ne hannayen da ke lodi da saukewa. Akwai kuma ƙwaƙwalwa, wadda ke riƙe da littafin hanyoyi, tana gaisawa da maƙwabtan rauta, tana jin wace hanya ce a buɗe, wace ce ta toshe. Littafin nan ba ƙarami ba ne, hanyoyin intanet na duniya sun haura dubu 900. In ƙwaƙwalwar ta mutu, hannaye ba su san inda za su kai kaya ba, ko da wayar gilashi lafiyarta ƙalau.

Saboda haka masu ƙera waɗannan na'urori suke barin gurbin ƙwaƙwalwa ta biyu. To amma sa ta a gurbi ɗaya ne, yadda aka saita ta ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa bin babbar mota daga tashar jiragen ruwan Kwatano zuwa nan zai gane abin nan take, don doguwar tafiya tana son direba biyu. Tambayar ita ce, a wane hali na biyun yake lokacin da na farko ya gaza?

A na'urorin kamfanin Cisco, waɗanda suka yaɗu a duniya, akwai matakai uku da aka sani. Na farko shi ne RPR. Nan direba na biyu yana kwance a baya yana barci. In na gaba ya faɗi, sai mota ta tsaya, a tashe shi, ya wartsake, ya tayar da inji daga farko. A na'ura, ƙwaƙwalwa ta biyu ba ta gama tashi ba, sai ta ƙarasa kunnuwa, a sake kunna allunan wayoyi gaba ɗaya, sannan ta fara tattara hanyoyi. Wannan yakan ci minti biyu zuwa huɗu, a wasu tsofaffin na'urori ma fiye.

Mataki na biyu shi ne RPR+. Direban yana zaune a gaba, idonsa biyu, takardun mota suna hannunsa. Ƙwaƙwalwa ta biyu ta gama tashi, duk saitin da aka yi wa ta farko an kwafa mata, kuma ba a sake kunna allunan wayoyi. Abin da ba ta da shi shi ne labarin halin da hanya ke ciki a wannan lokacin, dole ta sake tambayar maƙwabta. Katsewar takan tsaya tsakanin daƙiƙa 30 zuwa 60.

Mataki na uku shi ne SSO, wanda ake haɗawa da NSF. Nan direba na biyu yana bin komai tare da na farko, ya san giyar da ake ciki, hannunsa na kusa da sitiyari. Ƙwaƙwalwa ta farko tana sanar da ta biyu halin kowace waya a kai a kai. In ta mutu, hannaye suna ci gaba da lodi da littafin da ke gabansu, maƙwabtan rauta kuma suna yin haƙuri na ɗan lokaci, ba sa shelar cewa hanya ta mutu, har sabuwar ƙwaƙwalwa ta sabunta littafinta. Sauyin yakan ƙare cikin daƙiƙa ƙalilan, sau da yawa mai waya a kunne bai ma san an yi ba.

Wani zai ce, to mene ne minti huɗu? Ai mun saba da ɗaukewar wuta ta yini guda. Gaskiya ne. Amma minti huɗun rauta ba ya tsayawa a minti huɗu. Da maƙwabta sun ga ta yi shiru, sai kowa ya goge hanyoyin da ke bi ta kanta, ya shiga neman wasu, in ta dawo kuma a sake lissafi daga farko. Kira ya yanke, mai tura kuɗi ya ga an cire masa amma ba su isa ba, ma'aikacin duwan ya ce na'ura ba ta amsawa a dawo gobe. Ga kuma lissafi mai sauƙi. Kamfanin da ya yi alƙawarin aiki kashi 99.9 cikin 100 ya ba kansa damar katsewa kusan awa tara a shekara. Mai alƙawarin 99.99 yana da minti 53. Mai alƙawarin 99.999 kuwa minti biyar da ɗoriya kacal gare shi a shekara guda, wato faɗuwa biyu a matakin RPR ta cinye masa kason duka.

Sai dai akwai tarko, kuma a nan ne maganar take. Matakan nan na sama suna da sharaɗi: ƙwaƙwalen biyu su zama iri ɗaya, manhajar da ke cikinsu ta zama bugu ɗaya. In aka sabunta ta farko aka manta da ta biyu, na'urar takan koma matakin RPR da kanta. Kamfani yana ganin direbansa na biyu a farke yake, alhali ya daɗe da komawa barci, ba kuma za a sani ba sai ranar da aka neme shi. Shi ya sa aka tanadi umarnin tilasta sauyi, injiniya ya kashe ta farko da gangan cikin dare, lokacin da mutane suka ragu a layi, ya ga ko ta biyu za ta karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarko na biyu ya fi wannan zurfi. Ƙwaƙwalwa ta biyu tana kwafar duk abin da aka gaya wa ta farko, daidai da kuskure. Ranar 8 ga Yulin 2022 kamfanin Rogers na Kanada ya durƙushe, sama da mutum miliyan 12 suka rasa waya da intanet, biyan kuɗi da kati ta tsarin Interac ya tsaya, wasu har lambar gaggawa suka kasa kira. Ba wayar da ta tsinke, ba na'urar da ta ƙone. Wajen gyaran saiti ne aka cire wani matacin hanyoyi, sai hanyoyi suka kwararo wa manyan rauta fiye da abin da za su iya ɗauka. Na'urorin ko-ta-kwana suna nan, amma kowacce ta sha abin da ƴar uwarta ta sha. Bayan abin ya lafa, gwamnatin ƙasar ta sa manyan kamfanonin sadarwa suka rattaba hannu kan yarjejeniyar ɗaukar abokan cinikin juna a lokacin gaggawa. In ƙasa mai arzikin Kanada ta ga haka, mu sai mu shafa wa gemunmu ruwa.

Mu mutanen Malanville ba sai an zana mana wannan darasi a allo ba, mun karanta shi a kan gada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin garin nan, kaya suna lalacewa a ciki. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma ɓangaren Nijar ya ci gaba da zama a rufe. Mene ne ko-ta-kwanarmu a lokacin? Kwalekwale, wanda ke ɗaukar mutum da buhu, amma ba ya ɗaukar lodin tirela. Kayan Nijar kuma suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin rakiyar sojoji, hanya mai nisa, mai tsada, mai haɗari. Hanyar tana nan a taswira tun da can, amma ba wanda ya shirya ta don ɗaukar wannan nauyi. Direba ne da aka tasa daga barci mai nauyi, kuma talaka ne ya biya kuɗin jiran, a farashin shinkafa da na mota.

A ganina abubuwa uku ne ya kamata mu riƙa tambaya, mu da muke ƙarshen waya. Na farko yana wuyan hukumar ARCEP da ke sa ido kan sadarwa a ƙasar nan. Auna ƙarfin rezo a gari abu ne mai kyau, amma a haɗa da tambayar kamfanoni: manyan rautarku na arewa ƙwaƙwalwa nawa gare su, a wane mataki aka saita su, yaushe rabon da ku gwada sauyi, kuma daƙiƙa nawa ya ci? A wallafa amsar kowa ya gani.

Na biyu, hanya ta biyu ta zama daban da gaske. Waya biyu a rami ɗaya a gefen titi ɗaya, katafila guda ce za ta tsinke su a tare. Arewacin Benin yana iyaka da Najeriya da Nijar da Burkina Faso. Kamata ya yi saƙon Malanville ya samu wata ƙofar fita in ta Kwatano ta toshe, kuma rigimar ƴan siyasa kada ta hana injiniyoyin ƙasashen nan haɗa wayoyinsu. MTN, Moov Africa da Celtiis su ma suna iya yin irin yarjejeniyar da aka yi a Kanada, ranar da ɗaya ya faɗi, sauran su ɗauki kiran gaggawa na mutanensa.

Na uku namu ne, ƴan kasuwa da masu ƙananan ofisoshi. Layi biyu a waya yana da amfani, amma ka sani wataƙila can gaba rijiya ɗaya suke sha. Tun ƙarshen 2023 Starlink ta fara aiki a Benin, ita ta sama take bi, kodayake kuɗinta ba na kowa ba ne, sai dai in ƙungiya ta haɗa hannu. Wanda ya saya kuma kada ya ajiye ta cikin kwali yana jiran ranar tsiya. A haɗa ta, a saita ta yadda za ta karɓa da kanta, a riƙa cire babban layi lokaci lokaci ana gani. Haka batun batir da janareta: rauta mai ƙwaƙwalwa biyu a kan soket ɗaya, in wuta ta ɗauke, tare za su yi shiru.

Yayana dai a ranar sai da ya koma kiran waya na kai tsaye, ya nemo wani ɗan garinmu a Kwatano ya je ya ga buhunan da idonsa, sannan ciniki ya faɗa, bayan an rage masa farashi saboda jinkiri. Har yanzu layi biyu yake riƙewa. Amma ya ƙara abu guda: kafin mota ta tashi, sai ya tabbatar akwai mutum a can da ya san da zuwanta, ya san adadin buhu, ya san farashin da aka tsayar, kuma wayarsa a kunne take. Abin da muke nema ke nan daga masu riƙe da na'urorin da cinikinmu ya rataya a kansu. Allah Ya sa su ji.