Karatun Da Ba Ya Sa Gumi

Akwai wata al'ada da ta kama waɗansu daga cikin waɗanda suka gama ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Hunkuyi, wadda ya kamata a faɗe ta a fili, ko da za ta ɓata wa wasu rai. Bayan lisha sukan taru a zaure don karatu, abin sha'awa ƙwarai. Amma in aka duba abin da ke hannunsu, Magana Jari Ce ne, bara shi, bana shi. Kafin mai karatu ya kai ƙarshen layi, jama'a sun riga shi da ka. Ran da wani ya kawo littafin da ba a saba da shi ba, sai a yi ta hamma, a ce ya yi tsauri, a ajiye.

Ba wanda ya raina littafin Alhaji Abubakar Imam. Amma shi da kansa bai tsaya ga labarin aku da sarki ba. Shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, kuma shi da Dokta East suka rubuta Ikon Allah, don Bahaushe ya san sha'anin halitta da harshensa. Wa ke neman wannan a zaure?

Masu wannan hali sukan ce su manya ne, kansu ya riga ya bushe. Wannan ba hujja ba ce. Kusan dukansu sun yi makarantar allo, sun kuwa san malam ba ya barin almajiri kan allo guda don ya ji daɗinsa. In ya biya, sai ya wanke a ƙara masa. Wanda ya sauke ya kama Ahalari, daga nan Ishmawi, har Risala, kuma sau da yawa da furfura a gemu ake wannan. Ashe girman sai ga boko kaɗai yake hanawa?

Ga kuwa inda hasarar take. Mutanen Hunkuyi da Kudan da Maƙarfi manoman rake ne da tumatir da barkono. A 2016 tsutsa ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abin. Samaru, inda masanan aikin gona ke buga takardun bayani da Hausa, ba ta da nisa. Irin waɗannan takardu ba su da daɗin ji, akwai awo da lissafi a ciki, shi ya sa ake gudunsu. Sai mutum mai takardar shaida a aljihu ya haɗa maganin feshi da ka, ko ya sa hannu a takardar bashin taki bai karanta rabinta ba.

Ba a ce a bar labari ba. A raba dararen: yau na nishaɗi, gobe na littafi mai wuya, ko da shafi guda za a ci. Kalmar da ta gagari zaure duka a rubuta ta, a kai wa malamin gona ko na asibiti ran kasuwa.