Lefkara da Makomar Ɗinkin Hannu

Mafi yawan masu zuwa hutu tsibirin Kubrus, wanda ke gabashin Bahar Rum, bakin teku ne ke kawo su, amma kamfanonin yawon buɗe ido sukan keɓe musu yini guda domin hawa zuwa Lefkara, wani tsohon ƙauye da ke gindin duwatsun Turodos a gundumar Larnaka. Abin da ake tallata musu shi ne gidajen farin dutse da jajayen rufi, da ƙananan lunguna masu daɓen dutse, da cocin da aka gina tun ƙarni na 14, sai dai wanda ya tsaya a kan wannan kaɗai bai ga abin da ya gina garin ba.

Allura ce ta gina Lefkara. Matan garin sun shahara da lefkaritika, wato wani ɗinkin hannu da ake yi a kan yadin lilin, inda ake ƙirga zaruruwan yadin, a yanke wasu a zare su, sannan a ɗaure bakin gurbin da zare fari ko ruwan ƙasa har zane ya fito, kuma gwanintar mai aiki tana bayyana ne idan aka juya yadin aka tarar bayansa bai bambanta da gabansa ba. Sana'ar ta ɗauki sabon salo a zamanin da mutanen Benis ta Italiya suka mulki tsibirin, daga 1489 zuwa 1571, kuma daga ƙarshen ƙarni na 19 mazajen garin suka riƙa fatauci da aikin matansu zuwa Masar da biranen Turai, suna dawowa da kuɗin da aka gina yawancin manyan gidajen da baƙi ke ɗauka hoto a yau. Akwai kuma maƙeran fari masu aikin azurfa. Labarin cewa Leonardo da Vinci ya sayi yadi a nan a 1481 kuwa zancen baka ne, kuma darajar aikin ba ta dogara da shi ba.

UNESCO ta sanya lefkaritika cikin al'adun da bil'adama suka gada a 2009, amma takardar yabo ba ta biyan ladan ido da gadon baya. Mayafin tebur guda yakan ci watanni, alhali kayan inji da ake shigowa da su daga waje suna rataye a wasu shaguna a kan farashi mai rahusa, kamar dai yadda hular inji ta cika kasuwa a gefen hular da aka ɗinka da hannu a Kano da Maiduguri. Baƙon da motar haya ta ba shi awa biyu yakan ɗauki mai arahar, yana ganin ya taimaki gari, alhali kuɗinsa bai kai hannun dattijuwar da ya ɗauka hoto a ƙofar gidanta ba.

Laifin ya fi rataya a wuyan masu shirya tafiyar, waɗanda ya kamata su ba da lokacin shiga gidan tarihin ɗinki da ƙirar azurfa da ke tsohon gidan Patsalos, da kuma hukumomin da ya kamata su tilasta rubuta asalin kowane yadi a jikinsa. Yawancin masu aikin yanzu tsofaffi ne, kuma yarinyar da ta ga kakarta ta ƙare idonta a kan yadin da aka taya da wulaƙanci ba za ta zauna koyo ba, za ta nemi aikin albashi a Larnaka ko Nikosiya.