Jinjina ga masu lambun da ba su tuge ɗoɗɗoya ba

Duk wanda ya ratsa lambunan rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da tumatir, ko ya gangara fadamun Zariya, zai ga lambu iri biyu. Akwai wanda tumatir ne zalla daga wannan iyaka zuwa waccan, ko tsinke ba a bari ya tsira a tsakani ba. Akwai kuma wanda mai shi ya bar ɗoɗɗoya a bakin fangali, ya jera albasa a kan kunya, ya watsa lansir a lungu, na'a-na'a kuma tana bin gefen magudanar ruwa. Da masu lambu na biyun nake magana. Sannunku da aiki, sannunku da haƙuri.

Na ce haƙuri domin an daɗe ana yi muku kallon waɗanda ba su waye ba. Manomin zamani, in ji masu faɗa, iri ɗaya yake shukawa, ya share komai, ya ɗauki injin feshi. Irin kallon da aka yi wa iyayenku ke nan a gonar damina, da suke haɗa gero da dawa da wake a gicci. Sai da wani mai bincike, David Norman, da abokan aikinsa na Samaru suka bi ƙauyukan ƙasar Zazzau daga ƙarshen shekarun 1960, suka auna amfanin gona da ƙwadago, sannan aka yarda cewa mai haɗa shuka ya san abin da yake yi: in wannan ya ƙi, wancan zai ba da, kuma ba kasafai yake tashi hannu wofi ba. Ku kun ɗauko wannan hikimar kun shigo da ita lambu, ba tare da wani ya rubuta muku takarda ba.

Shekarar 2016 ba ta fita daga ran mai tumatir ba. A lokacin ne tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ta cinye gonaki a Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Dangote da ke Kadawa ta tsayar da aiki don rashin abin niƙawa. Asalin ƙwaron Kudancin Amurka ne, ya ɓulla a Sifen a 2006, daga nan ya bazu. Uwarsa wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, kuma da ƙamshi take gane tumatir. In ta nasa ƙwai, tsutsar sai ta shige cikin naman ganye, inda ruwan feshi ba ya kai mata sosai. To a nan ne ɗoɗɗoyarku take da rana. Masana daga Jamhuriyar Benin da Beljiyam sun gwada, sun ga cewa in akwai ɗoɗɗoya kusa da tumatir, ƙwan da uwar ke nasawa a kansa yana raguwa. A Benin ɗin kuma an shuka ta tsakanin kabeji, ɓarnar tsutsotsi ta yi sauƙi. Ƙamshin nan da uwargida ke nema a miya, shi ne yake rikita ƙwaro ya kasa bin sawun abincinsa.

Ga kuma furen. Ɗoɗɗoyar da aka bari ta yi fure tana kiran ƙudan zuma, tana kuma ciyar da wasu ƙananan zanzaro da ƙwari masu farautar darɓa da tsutsa. Waɗannan 'yan ƙwadago ne da ba sa karɓar lada. Sannan ga kuɗin cefane: kafin tumatir ya nuna, lansir da na'a-na'a da ganyen albasa sun riga sun je kasuwa sun dawo da na sabulu.

Sai dai yabon da ba ya tare da gaskiya yaudara ne, ni kuwa ba zan yaudare ku ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne feshi. Da yawa daga cikinku sun bar ganyen ƙamshi a lambu, amma ranar feshi ba a bambanta komai. Abin da ya sauka a kan tumatir shi ne ya sauka a kan na'a-na'a. Washegari a yanke ta a ɗaure, ta isa teburin mai shayi, a jefa ta cikin buta, wani lokaci ko ɗauraya babu. Lansir kuwa ɗanye ake kwaɗa shi. Haba 'yan'uwa! Ganyen da kuka shuka don ya rage muku guba, shi zai zama abin ɗaukar gubar zuwa cikin 'ya'yan mutane? Kowace kwalbar magani tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin girbi. Wanda bai iya karantawa ba, ya sa ɗansa ya karanta masa. Kada mu manta cewa saboda ragowar maganin ƙwari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Kuma feshin kan-mai-uwa-da-wabi yana kashe zanzaron da furen ya kira, ya bar sharon lafiya lau a cikin ganye.

Kada kuma a ɗora wa ɗoɗɗoya kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ragewa take yi, ba ta kawarwa. Wani gwaji da aka yi a Ingila a shekarun 1980 ya nuna cewa albasa tana kare karas daga ƙudansa ne muddin ganyenta na girma; da ta fara yin kai, kariyar sai ta ja baya, kuma sai layukan albasa sun ninka na karas da yawa kafin a ga bambanci. Saboda haka tushe uku a kusurwar lambu ba zai tsare kadada ba. Dole a tuge karmamin tumatir bayan girbi a binne ko a ƙone, kada kuma a bi tumatir da gauta ko yalo ko dankalin turawa a fangali ɗaya, domin dangi ne, sharon na cin su duka. Ɗoɗɗoya tana son datsa don kada ta yi wa shuka inuwa. Na'a-na'a kuwa saiwarta rarrafe take yi a ƙarƙashin ƙasa; a sa ta a tsohon bokiti ko buhu, in ba haka ba za ta ƙwace fangalin.

Akwai aikin da ba naku kaɗai ba ne. Gwajin Benin na Benin ne, ƙasarsu da zafinsu daban. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, muna da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Bagauda, tafiya kaɗan daga Kadawa. Su ya kamata su gaya mana layi nawa na ɗoɗɗoya ke isar layi nawa na tumatir, da tazarar da za a bari, da makon da ya fi dacewa a dasa ta a sanyin hunturu, su kuma faɗe shi da Hausa a rediyo. Kafin su yi, kowannenku ya ware fangali biyu a ranin bana, ɗaya da ɗoɗɗoya, ɗaya babu, iri ɗaya, taki ɗaya, ban-ruwa ɗaya. Ya ƙirga kwandunan kowanne, ya kai lissafin taron ƙungiya, malamin gona yana zaune.