Kyautar kwana bakwai da ɓeran da ke cikin tarho

Ina gaida shugabannin ƙungiyoyi, da magatakarda, da masu riƙon akwati da masu riƙon makulli, tun daga Magarya, Bande, Waca da Sasumburum har Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Da fatan zubi yana tafiya lami lafiya.

Wannan karon maganar tarho na kawo muku, kuma da abin kunyar da ya same mu a ƙungiyarmu zan fara, don in na ɓoye shi wata ma za ta faɗa ramin.

Muna da tarho ɗaya na ƙungiya, ƙarami mai maɓallai, a hannun magatakardarmu yake zama. Da shi ake kiran wadda ba ta zo zubi ba, da shi ake tuna wa mai bashi ranar biya. Duk wata muna cire jika ɗaya da rabi daga kuɗin tara mu sa masa kiredi, kuma da can yakan kai mu ƙarshen wata har da saura. Sai aka wayi gari kiredin ba ya ko kai sati biyu. Wata na farko muka yi shiru. Wata na biyu aka fara ƙus-ƙus: wai ita ke kiran mijinta da ke ci-rani, wai ƴarta ke hira da dare. Ni kaina, Allah ya yafe mini, sai da zuciyata ta raya mini wani abu. Ranar taro baiwar Allah nan ta ajiye tarhon bisa tabarma, ido ya cika da hawaye, ta ce a ba wata, ita ta gaji. Shekara shida tana riƙe mana littafi, ko dala ba ta taɓa ɓata a hannunta ba.

Na ɗauki tarhon na tafi da shi gida. Da dare na duba abin da ya rage, na rubuta a takarda, na sa shi ƙarƙashin matashi, ban kira kowa ba. Da asuba na sake dubawa: dala 10 ta tafi. Kashegari ma haka. Sai na shiga tsoffin saƙonni ina bi ɗaya bayan ɗaya, da ɗan Faransancin da na tsinta bayan ajin yaƙi da jahilci, har na iske shi. An yi mana maraba da shiga wani tsari na labaran ƙwallo, kwana bakwai kyauta, bayan nan sefa 50 kullum. Ƙwallo fa! Mu da ko sunan ɗan wasa ɗaya ba mu sani ba. Wani rubutu ne ya faɗo bisa fuskar tarhon wata rana, aka danna maɓallin tsakiya don a kore shi, ashe dannawar nan ita ce amincewa.

Ku zo mu yi lissafi, tunda shi ne sana'armu. Dala 10 a rana, dala 70 ke nan a sati. Zubinmu dala 50 ne a sati. A wata jika ɗaya da rabi, wato daidai abin da muke sa wa tarhon gaba ɗaya, ko kira guda ba a yi ba. A shekara sefa 18,250, alhali mace mai zubin dala 50 in ba ta tsallake sati ko ɗaya ba, 13,000 take tarawa. Tarho ya fi mai shi zubi, sai dai shi ba ranar rabo.

Abin da nake so ku riƙe shi ne yadda tarkon yake aiki, don kala-kala ne amma ɗinkinsu ɗaya. Wani saƙo ne, wani kira ne da murya ke cewa ki danna 1, wani kuma waƙar nan ce da kike ji in kin kira mutum, a ce ki danna tauraro ta zama taki. Za a ce miki gwaji ne, kwana uku ko bakwai, ba ko sisi. Gaskiya ne, kwanakin farko ba a cire komi. Amma ranar da gwajin ya ƙare ba mai zuwa ya tambaye ki ko kina so a ci gaba. Shirunki shi ne “na yarda”. In ba kuɗi a layin sai ya yi kwanton ɓauna, ranar da kika sa kati ya zabge nasa tun kafin ki kira kowa. Shi ya sa za ki ji mace na cewa mai kanti ya cuce ta, ta sayi dala 40 an turo mata dala 30. Sau da yawa mai kanti ba ruwansa.

Kuma ga kuskuren da kusan kowa ke yi. Goge saƙon ba ya tsayar da shi. Kashe tarho ba ya tsayar da shi. Cire sim a ajiye cikin kwalla sati biyu ba ya tsayar da shi, yana nan yana jiran ki. Masu babbar waya ta shafa, ku ma ku ji: in kin yi rajistar biyan wata-wata ta Google Play, goge manhajar daga wayar bai soke biyan ba, sai kin shiga wurin da aka jera abubuwan da kike biya kin soke da hannunki.

To yaya ake fita? Mu ga yadda muka yi. Saƙon farko, na maraba, galibi a ƙarshensa ake rubuta hanyar fita: kalmar STOP da lambar da za a tura ta, ko wasu lambobi da za a danna. Don haka kar ki yi saurin goge shi. In an riga an goge, ki kira masu kula da abokan ciniki na kamfanin layinki, ki ce a karanta miki duk tsarin da layin ke ciki, duka, ba wanda kika sani kaɗai ba, a cire su. Mu da muka kira, ashe biyu ne, na biyun sati-sati yake ci. In kira ya gagara, ki je ofishinsu da katin shaidar da aka yi wa layin rajista da shi. Nan wata matsalar take: da yawa cikinmu layin da sunan maigida ko ɗa aka yanke shi, sai ki sha hanya ki je a ce sai mai sunan ya zo. Ki bincika wannan tun kafin ki biya kuɗin mota.

Kar ki yarda da “an cire” na baki. Ki jira saƙon da ke tabbatar da an soke, ki adana shi. Sannan ki yi gwajin matashi irin nawa: ki duba kuɗin da dare, ki rubuta, ki duba da safe, kwana uku a jere, kuma ki sake dubawa bayan sati saboda masu cin sati-sati. In an ce an cire amma ana ci gaba da yanka, akwai hukumar da ke sa ido kan kamfanonin tarho a Nijar, ARCEP, ana kai mata ƙara, kuma takardar da kika rubuta ranaku da kuɗi ita ce shaidarki.

Mu nan bakin iyaka muke, da yawa suna riƙe da layin Najeriya saboda cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko don ƴan'uwa da ke Kano da Daura. A layin Najeriya, tun 2016 hukumar NCC ta fito da lamba 2442: in kika tura STOP gare ta, za a daina turo miki saƙonnin talla. Amma ki lura, ƙofa ce ta rufe wa masu shigowa, wanda ya riga ya shige ɗaki sai kin fitar da shi daban. Lambar kai ƙara wurin hukumar kuma 622 ce.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni tsoro, don shi ba dala 10 yake ci ba. Wata ƴar ƙungiyar maƙwabtanmu, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana da asusun banki a Najeriya da katin cire kuɗi. Ta taɓa jinkirin biyan wani bashi, abin yana damun ta, tana tsoron an ɓata mata suna. Sai ɗanta ya ga talla a waya: duba ko sunanka na cikin masu taurin bashi, gwajin sati ɗaya kyauta. Aka ce su sa lambar kati “don tabbatarwa kawai”. Suka sa. Wata uku ana cire mata kuɗi kafin ta farga, kuma da suka nemi wurin sokewa, sai an shiga nan a fita can, kamar gidan tururuwa. A ƙarshe banki ta je aka toshe katin aka ba ta sabo.

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba, kuma ba don mu ƴan ƙauye ne take kama mu ba. A Amurka, a 2005, hukumar FTC mai kare masu saye ta kama wani kamfani mai suna Consumerinfo.com da ke tallar ba mutane rahoton bashinsu kyauta. Duk wanda ya karɓa an sa shi cikin wani tsari ba tare da an fayyace masa ba, in bai soke cikin kwana 30 ba a cire masa dala 79.95. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Sai da kamfanin ya biya dala 950,000, ya kuma mayar wa mutane kuɗinsu. Masu boko ne, da yarensu aka rubuta, suka faɗa. To ina ga wadda aka turo wa da Faransanci tana tsakar daka?

Shi wannan rahoton bashi, mene ne shi? Kamar littafin magatakarda ne, amma na bankuna. Mu a ƙungiya mun san wadda ke biya kan lokaci da wadda sai an bi ta gida, don tun da aka kafa Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, sanin juna shi ne jinginarmu. Banki bai san ki ba, sai ya duba littafi. A ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta yammacin Afirka, har da Nijar, an ba wani kamfani izinin riƙe wannan littafi. Ya fara aiki a 2016 da sunan Creditinfo VoLo, yanzu ana kiran sa Creditinfo West Africa, cibiyarsa na Abijan. Bankuna da asusun ba da ƙananan basussuka suna tura masa bayanin wanda ya ci bashi da yadda yake biya. In kin taɓa karɓar bashi a irin waɗannan wurare, cikin takardun da kika dangwala wa hannu da wuya a rasa ta amincewa a tura bayaninki can. Bashin da kika ci cikin akwatinmu na ƙungiya ba ya zuwa wurin. Amma in ƙungiya ta je ta ɗauko bashi daga asusu ko banki, wannan kam ya shiga hannun masu rubutawa, shi ya sa nake yawan ce muku jinkirin mace ɗaya na iya shafa wa mata talatin baƙin jini.

Ga abin da masu tallar ba za su faɗa miki ba: doka ta ba ki damar ganin rahotonki kyauta sau ɗaya a shekara, kuma in kin ga kuskure, misali bashin da kika biya amma aka bar shi a rubuce, kina da haƙƙin neman a gyara. A Najeriya ma dokar 2017 ta ba da wannan dama ta sau ɗaya a shekara. Hanyar da na fi yarda da ita, ki je wurin da kika ci bashin, ki tambayi ma'aikacin yadda za ki nemi rahotonki, ki tafi da katin shaida da rasiɗan biyanki. Mace mai sayar da ƙuli-ƙuli ba ta da buƙatar a riƙa duba mata suna kowane wata ana cire kuɗi. Sau ɗaya, kafin ki nemi sabon bashi, ya wadatar. Kuma duk wanda ya ce abu kyauta ne amma sai kin ba shi lambar kati ko lambar sirrin kuɗinki na tarho, ki tambayi kanki me zai yi da ita in da gaske ba zai cire komi ba.

Na san wata za ta ce ai wani tsarin yana da amfani, kamar na farashin kasuwa ko na wa'azi. Ban hana ba, kuɗinki ne. In kin ga kina so ki gwada, ranar da kika shiga ki sa a rubuta miki abu uku a bayan littafin zubinki: ranar da kyautar za ta ƙare, nawa za a riƙa cirewa, da yadda ake fita. In an kasa gaya miki na ukun, kar ki shiga. Ni dai yanzu ranar da na shiga nake sokewa in na ga ba zan riƙe ba, don na san kaina, kwana bakwai da hidimar gida da ta gona ba tunawa zan yi ba.

A ƙungiyarmu mun ƙara abu ɗaya cikin tsarin taro. Bayan an rufe akwati, kafin addu'a, duk mai saƙon da ba ta gane ba ta miƙo tarho a karanta mata a fili. Satin farko tarho goma sha ɗaya aka miƙo, huɗu a ciki ana cin su. Ɗaya tsohuwa ce da ta fi shekara tana faɗa da jikanta kan kiredi.

Magatakardarmu kuwa, mun ba ta haƙuri gaban kowa, ni na fara. Ta karɓi tarhon, amma ta kafa sharaɗi: duk sati a karanta abin da ya rage a cikinsa a rubuta cikin littafi, kamar yadda ake ƙirga kuɗin akwati. Mun amince. Shugabannin da ke da tarhon ƙungiya, ku duba naku kafin taro mai zuwa, ku aiko mini da abin da kuka tarar ta hannun mai kawo muku wannan takarda.