Sojan da mahauta ta tsirar

A watan Disamba na 1944 sojojin Jamus suka kama wani saurayi ɗan Amurka, Kurt Vonnegut, yana da shekara 22. Suka kai shi birnin Dresden, suka tsare shi a mahauta. Ran 13 ga Fabrairu 1945 da dare jiragen Ingila suka yi wa birnin ruwan wuta, na Amurka suka biyo kashegari. Shi da sauran fursunoni suna ƙarƙashin ƙasa, cikin ɗakin ajiyar nama. Da suka fito, aka sa su tonon gawawwaki.

Sai a 1969, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ya iya fitar da labarin, wanda masu karatun Faransanci suka sani da sunan "Abattoir 5". Ba jarumi a cikinsa. Billy Pilgrim soja ne abin tausayi, hankalinsa na yawo tsakanin jiya da gobe. Ƙarfin littafin shi ne, wutar da marubucin ya bayyana, ɓangarensu ne ya kunna ta.

Lissafinsa dai ya kauce: ya ce mutum 135.000 suka mutu, masana tarihi a 2010 suka ce ba su wuce 25.000 ba. Gawawwakin kuwa, da hannunsa ya ɗauke su.