FILIN ILIMI: MALAMI MA ƊALIBI NE

A Dogo-Dogo da ƙauyukanta, akan yi ranar da yara za su komo gida da hantsi su ce: yau babu lakwal, mushe ya tafi taro. Sai uba ya fusata. Ya ce malamin nan ba ya son aiki, gara yaro ya bi awaki. Amma sau da yawa malamin karatu ya tafi, ba yawo ba.

Hauya ko ta fi kowace kyau, in ta yi damina sai ta koma wurin maƙeri. Haka malami yake. Takardar da ya samu a makarantar horon malamai mafari ce kawai.

Wannan dabara ta daɗe a makarantun ƴan Katolika, waɗanda ake ce wa lakwal mishan. A ƙasar Faransa, wajen shekarar 1680, wani fada mai suna Jean-Baptiste de La Salle ya ga malaman da ke karantar da ƴaƴan talakawa su ma ba su iya aikin ba. Bai kore su ba. Ya tara su a gidansa na garin Reims, suna cin abinci tare, yana nuna musu yadda ake riƙe aji. Daga baya ya buɗe makaranta don horon malaman ƙauye. In hutu ya zo, sai ya kira mutanensa su zauna su gyara aikinsu. Abin da tsofaffin malamai suka gano a cikin aji aka tara aka yi littafi, aka buga shi a 1720. Ya kuma ce yara su fara karatu da Faransanci, harshen da suke ji, a bar Latin sai daga baya. Mabiyansa sun zo Yamai sun buɗe makaranta.

A Damagaram ma akwai lakwal mishan. Tun shekarar 2001 tana cikin yankin bishop na Maraɗi. Yawancin ɗalibanta ƴaƴan Musulmi ne, kuma tsarin karatun gwamnati take bi. Ke nan abin da malaminta yake koyarwa shi ne malamin Dogo-Dogo yake koyarwa. Bambancin yana ga wurin zama. Malamin birni yana da abokan aiki kusa da shi, yana da wanda zai tambaya. Malamin ƙauye kuwa wani lokaci shi kaɗai ne cikin rumfar kara, da aji biyu ko uku a wuyansa.

Don haka gwamnati ta kafa taron malamai da ake kira CAPED. Malaman makarantun da ke kusa da juna suna haɗuwa wuri ɗaya, tare da mai ba su shawara daga ofishin masu duba makarantu. Mutum ɗaya ya tashi ya ba da darasi, saura suna kallo. In ya gama, a faɗa masa inda ya yi daidai da inda ya kauce. Wanda ya gane hanyar koya wa yara rabawa cikin lissafi ya nuna wa wanda bai gane ba. Tamkar gayya ce: kowa ya kawo hannunsa, gonar kowa ta nomu.

Bukatar abin babba ce. Tun daga 1998 aka ɗauki malamai masu yawa a gaggauce, don yara sun yi yawa, kuɗi kuma kaɗan. Da dama sun shiga aji ba tare da cikakken horo ba. A 2014, binciken PASEC ya nuna cikin yara 10 da ke ajin ƙarshe na firamare a Nijar, fiye da 9 ba su kai matsayin karatun da ake so ba. A watan Yuli na 2017 aka yi wa malaman kwantaragi fiye da dubu 50 jarrabawa. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka samu maki 10 cikin 20. Wannan ba abin dariya ba ne, don wanda ba a koya wa ba, ba ya ba da abin da ba shi da shi. Maganin shi ne ƙarin horo.

Ga kuma maganar harshe. A Damagaram aka buɗe makaranta ta farko da yara suka fara karatu da Hausa, a 1973. A 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa. Malamin da ya yi duk karatunsa da Faransanci, ko da Hausa ya tashi, sai ya koyi ƙa'idar rubuta ta, ya san inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ, kafin ya koya wa yaro.

Iyaye suna da nasu aiki a nan:

1. Kwamitin makaranta, wato CGDES, ya nemi dirakta ya sanar da ranakun taron tun da wuri. Da haka za a bambanta malamin da ya tafi ƙaro ilimi da wanda ya tafi kasuwa.
2. In taron ya faɗo a garinsu, mutanen gari su karɓi baƙi da ruwa, da tabarma, da masauki.
3. Kada a cire yaro daga lakwal saboda hutun kwana biyu. Ranar da malami ya komo, yaro ya koma.
4. Uban da ya yi yaƙi da jahilci ya buɗe littafin ɗansa da dare, ya sa shi ya karanta layi biyu. Nan zai gane ko taron ya yi amfani.

Gemu ba ya hana ilimi. Dattijon da ya zauna ya koyi baƙi da wasali bayan ya yi furfura ya fi kowa sanin haka. Shi ya kamata ya fara yi wa malami fatan alheri ranar da ya ɗauki jakarsa zai tafi taro.

Allah ya ƙara wa malamai basira, ya yi wa yara albarka.