Kalandar Mayawa, Girgizar Ƙasa Da Masu Kutse Cikin Gaibu

Duk lokacin da ƙasa ta girgiza a wani sashe na duniya, tun ba a gama zaƙulo gawawwaki daga ƙarƙashin ɓaraguzai ba sai saƙonni su fara yawo a wayoyinmu: wai wani ya hango ta tun kafin ta auku, wai taurari sun jeru, wai tsohuwar kalandar al'ummar Maya ta daɗe da faɗin haka. Masu wannan magana ba a nan suke tsayawa ba. Cewa suke yi ƙasa da zukatan mutane a ɗaure suke da igiya guda, kuma kalandar Mayawa ita ce jadawalin da ke nuna ranakun da hankalin ɗan Adam zai hau wani sabon mataki, girgizar ƙasa kuwa naƙudar wannan haihuwa ce. Da a ce maganar ta tsaya can inda aka ƙirƙire ta, da ba mu ɓata tawada a kanta ba. Sai dai tana iso mu an fassara ta, an yafa mata ayoyi, ɗalibi ya tura wa mahaifiyarsa, ita kuma ta tura wa ƙawayenta na Islamiyya da niyyar tunatarwa. Abin da ke cikin hatsari a nan aƙida ce, da kuma hankalin 'ya'yanmu.

Adalci ya wajaba ko ga wanda ba mu haɗa addini da shi ba, don haka mu fara da bai wa Mayawa haƙƙinsu. Al'umma ce da ta gina birane a kudancin Meksiko, Gwatemala, Beliz da yammacin Honduras, kuma ta ƙware a lissafi har ta yi amfani da alamar sifili. Suna da ƙidayar kwana 260 ta bukukuwan addininsu, da shekarar kwana 365 mai wata 18 na kwana ashirin-ashirin da ƙarin kwana 5. Ƙidayoyin biyu kan sake haɗuwa a mafari ɗaya bayan shekara 52. Sannan akwai Doguwar Ƙidaya, wadda ita ce aka yi ta ce-ce-ku-ce a kanta: kwana 20 wata ne, kwana 360 shi ne tun, tun 20 katun ke nan, katun 20 kuma baktun, wato kwana 144,000. Mafarin ƙidayar ya yi daidai da watan Agustan shekara ta 3114 kafin Miladiyya. Idan aka lissafa baktun 13, kwana 1,872,000 ke nan, kimanin shekara 5,125, sai a sauka a kan 21 ga Disamban 2012. Wannan shi ne dukkan sirrin ranar. Lamba ce ta cika ta juya, kamar yadda lambobin tafiyar mota kan koma sifili ba tare da motar ta tarwatse ba.

A wani littafinsu da ke ajiye a birnin Dresden na Jamus akwai jadawalin kusufi da na tauraruwar Zahra, wadda suka ƙiyasta zagayenta a kwana 584, kusan daidai da abin da na'urorin yau suka auna. Littattafansu huɗu kacal suka tsira, domin 'yan mulkin mallakar Sifaniya sun halaka sauran, mafi shahara shi ne ƙonawar da limamin Kirista Diego de Landa ya yi a garin Mani a 1562. Mai son sanin abin da Mayawa suka faɗa dole ya koma ga waɗannan da kuma rubutun da suka sassaƙa a jikin duwatsu.

To me duwatsun suka ce game da 2012? Kaɗan ƙwarai. Wani dutse na ƙarni na 7 da aka samu a Tortuguero ya ambaci ranar tare da sunan wani abin bautarsu, ƙarshen rubutun kuma ya goge. Wani da aka gano a La Corona ta Gwatemala ya ambace ta ne a cikin kirarin wani sarki. Babu batun tashin duniya, babu batun girgizar ƙasa. A Palenque ma, rubutun da ke jikin ginin da aka binne Sarki Pakal ya hango bikin tunawa da hawansa mulki a shekara ta 4772 Miladiyya. Wanda ke shirin biki a 4772 bai yi imani da cewa duniya za ta ƙare a 2012 ba.

Tatsuniyar a Turai da Amurka aka haife ta. A 1987 wani Ba'amurke, José Argüelles, ya fitar da littafi mai suna The Mayan Factor, ya kuma kira mutane su taru a wurare daban-daban a ranakun 16 da 17 ga Agusta domin su haɗa tunaninsu wuri guda su buɗe sabon zamani. Bayansa wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Johan Calleman, ya raba tarihin halitta gida tara, ya ce kowane mataki farkawa ce ta hankali, na tara zai fara 9 ga Maris na 2011 ya kammala 28 ga Oktoba. A 2009 kuma masu shirya fina-finan Amurka suka saki fim ɗin 2012, suka kwashi ɗaruruwan miliyoyin daloli daga tsoron jama'a. Da Disamban 2012 ya ƙarato sai da hukumomin Faransa suka tsare hanyoyin dutsen ƙauyen Bugarach saboda jita-jitar cewa nan kaɗai zai tsira. Ranar ta faɗo Juma'a, cikin watan Safar na 1434, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai raunin ilimi a cikinmu ya yi jim. Aka yi sallar Juma'a, aka wayi gari Asabar.

Babbar hujjar mabiya Calleman ita ce Japan. Kwana biyu bayan ranar da ya sanya, wato 11 ga Maris na 2011, girgiza mai ƙarfin maki 9 ta afka wa gabashin ƙasar, igiyar ruwa ta biyo baya, sama da mutum 18,000 suka mutu ko suka ɓace. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Amma ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi. Alƙaluman hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun nuna cewa a kowace shekara akan samu girgiza kusan 15 masu maki 7 zuwa 7.9, da kamar guda ɗaya mai maki 8 ko fiye, masu maki 6 kuwa sun haura ɗari. Wato babba guda duk bayan mako uku ko huɗu, matsakaiciya duk bayan kwana uku. Rufe idonka ka nuna kowace rana a kalanda, ba za ka rasa girgizar da za ka jingina mata ba, muddin ba a tilasta maka faɗin wuri da ƙarfi tun da farko ba. Haka wani ɗan ƙasar Holan mai duban jeruwar taurari ya yi suna bayan girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023: an riƙe hasashen da ya yi kama da dacewa, an manta da tarin waɗanda suka wuce shiru. Da ma jarin boka ke nan, mantuwar masu zuwa wurinsa. Sannan girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, mai maki 9.5, a Chile ta auku a 1960, ba ta jira matakin kowa na tara ba.

Sababin da Allah Ya sanya wa girgizar ƙasa sananne ne ga masana. Ɓawon ƙasa a rarrabe yake zuwa manyan faya-fayai na dutse da ke motsi 'yan santimita a shekara, kwatankwacin tsirowar farce. Inda suka haɗu sukan maƙale, nauyi ya yi ta taruwa shekara da shekaru, ranar da dutsen ya gaza sai ya suɓuce. Ƙasar Mayawa kanta a irin wannan mahaɗa take. A ranar 4 ga Fabrairun 1976 tsagar Motagua ta motsa a Gwatemala, kimanin mutum 23,000 suka rasu, da yawansu talakawan Mayawa ne da ke barci a ɗakunan tubalin ƙasa. Kalandar kakanninsu ba ta tashe su ba, kuma ba laifinta ba ne, don ba a yi ta domin haka ba. Har yau babu masanin da ke iya faɗin rana da wuri da ƙarfin girgiza kafin ta zo, iyakarsu su nuna yankunan hatsari. A 2010 girgiza mai maki 7 ta kashe sama da mutum 100,000 a Haiti. Bayan mako shida wata mai maki 8.8, wadda ta ninka ta ƙarfi kusan sau 500, ta afka wa Chile, aka rasa mutum ɗari biyar da 'yan kai. Bambancin yana cikin dokokin gini da rodi da siminti, bayan ƙaddarar Allah. Riƙo da sababi ke nan, wanda addini ya umurce mu da shi.

Malamanmu tun da daɗewa sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai na lissafin tafiyarsu domin sanin alƙibla, lokutan salla da yanayin damina, wannan halal ne, Musulmi ma sun yi fice a cikinsa. Akwai kuma da'awar cewa motsinsu na yin tasiri a kan abubuwan da ke faruwa a ƙasa ko yana bayyana gaibu, wannan shi ne tanjimin da hadisin Abu Dawuda ya lissafa a cikin rassan sihiri. Jadawalin Zahra na Mayawa, ta fuskar lissafi, na gidan farko ne, ko da yake su ma sun cakuɗa shi da camfi da bautar gumaka. Abin da Argüelles da Calleman suka gina kacokan na gida na biyu ne. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi kusufi, mutane suka danganta abu biyun. Da Annabi (SAW) mai neman girma ta kowace hanya ne da ya yi shiru, sai ga shi a cikin baƙin cikinsa ya miƙe ya warware wannan danganta, ya umurci mutane da salla da addu'a. Game da Sa'a kuwa, aya ta 187 ta Suratul A'araf da ƙarshen Suratu Luƙman sun rufe ƙofa, haka ma amsar da aka bai wa Mala'ika Jibrilu. Ibnul Asir ya ba da labarin shekara ta 582 Hijiriyya, lokacin da masu duban taurari suka haɗu a kan cewa guguwa za ta share duniya saboda taruwar taurari a buruji guda. Lokacin ya zo iska ta ɗauke ɗif, har manoma suka rasa wadda za su yi shiƙar hatsi da ita.

Wani zai ce, ashe mu ma ba mu ce zunubai na jawo musifu ba? Ba hadisin Buhari ya lissafa yawaitar girgizar ƙasa cikin alamomin Alƙiyama ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma ta nan ne ruɗanin ke shigowa gidajenmu. Gaskiya ne an ruwaito cewa ƙasa ta girgiza a Madina zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tsoratar da mutane game da abin da suka ƙirƙiro, kuma Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa garuruwa a yi sadaka bayan wata girgiza. Amma a wurinsu mai girgiza ƙasa Ubangiji ne Mai iko da zaɓi, Yana yi lokacin da Ya so, gargaɗi ga wasu, jarrabawa ga wasu. A aƙidar masu sabon zamani babu wannan Ubangiji. Tunanin mutane ne da kansa ke kaɗa duwatsu, maganinsa kuma a taru a rufe ido a yi shiru, babu tuba, babu hisabi. Sun mayar da ɗan Adam abin bauta a fakaice. Alamomin Sa'a an faɗa mana su ne ba tare da kwanan wata ba. Kuma ba mu da izinin nuna gawawwakin Turkiyya ko Maroko mu yanke musu hukunci, alhali hadisi ingantacce ya sanya wanda gini ya rufta wa cikin shahidai.

Laifi tudu ne, mu ma muna da namu masu ƙidayar. Imam Suyuɗi, Allah Ya jiƙansa, malamin da muke karanta tafsirinsa duk azumi, wanda har ya yi wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa, ya rubuta wata risala a 898 Hijiriyya yana kore tsoron da ake yi wa shekara ta 1000, sai dai a cikinta ya fahimci cewa al'umma ba za ta wuce 1500 ba. Ruwayoyin da ke ƙayyade shekarun duniya da dubu bakwai, waɗanda aka gina lissafin a kansu, Ibnul Ƙayyim ya riga ya bayyana rashin ingancinsu saboda sun saɓa wa Alƙur'ani ƙarara. Girman Suyuɗi bai ragu ba, amma wannan fahimta tasa ba hujja ba ce. Muna faɗin haka ne domin 1500 ɗin tana ƙaratowa, yaran da ke makarantar allo yau da yawansu za su riske ta in Allah Ya ja kwana, kuma masu neman mabiya a intanet ba za su bar irin wannan dama ta wuce su ba.

Kada a ɗauka tura irin wannan saƙo abu ne mai sauƙi. A Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan ta Haiti, saƙon waya ya sa ɗimbin mutane a Ghana suka fice daga ɗakunansu cikin dare suna jiran girgizar da ba ta zo ba. Wannan asarar barci ce kawai. Wadda ta fi ta ita ce yaron da aka tsorata da wata rana da sunan addini, ranar ta zo ta wuce, ya fara tambayar kansa wace magana ce kuma ta malamai ba gaskiya ba.

Su kuwa Mayawa suna nan, miliyoyinsu, suna magana da harsunansu. A tsaunukan Gwatemala har yanzu akwai masu riƙe da ƙidayar kwana 260, kuma shugabanninsu da dama sun fito a 2012 sun ce ba su san da wani tashin duniya ba, sun koka da yadda aka mayar da gadonsu hajar 'yan yawon buɗe ido. A birnin San Cristóbal na jihar Chiapas ta Meksiko kuwa, tun tsakiyar shekarun 1990 wasu ɗaruruwa daga ƙabilar Tzotzil ta Mayawa suka karɓi Musulunci, suna da masallatansu, kuma tare da mu suke jiran ganin watan Ramadan.